Yadda za ki raini yaro mai larurar Down a ƙauye ba tare da kin ɓoye shi a ɗaki ba

Wannan bayanin na iyayen da Allah ya ba su yaro mai larurar Down ne, wadda wasu ke sakawa cikin galahanga, musamman mu na karkara da sai mun hau mota kafin mu ga likitan yara. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani asibitin sha-ka-tafi a ɓangaren Birnin Kudu, kuma abin da na lura da shi wallahi yawancin yaran nan zaman ɗaki ya fi illata su a kan larurar kanta. A haife shi, a ga kamanninsa, kowa ya yi tsit, in baƙi sun zo a tura shi ƙurya, ya shekara goma bai taɓa taka makaranta ba sannan a ce ai ba ya gane komai. To a ina zai gane? Da uwa nake magana amma maza ku ma ku karanta, akwai naku a ciki.

Ki fara sanin mene ne abin, don in kin sani babu mai juya miki kai. A kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum akwai wasu ƙananan zarurruka da ake kira kuromosom guda 46, 23 daga uwa 23 daga uba. Shi mai Down yawanci nasa 47 ne, na lamba 21 ya zo guda uku maimakon biyu, shi kenan fa, kuma tun shigar cikin abin ya faru. Wani likita ɗan Ingila, John Langdon Down, shi ya yi cikakken bayanin kamannin yaran a 1866, sai a 1959 aka gano ƙarin kuromosom ɗin a Faransa. A duniya kusan duk haihuwa dubu ana samun ɗaya, Turawa na haifa, Larabawa na haifa, masu kuɗin birni na haifa. Don haka ba ɗan ruwa ba ne, ba aljanu ne suka musanya miki ba don kin fita da magariba ko kin je rafi da ciki, ba kishiya ba ce, ba wani abu kika ci ba. Gaskiya ne in mace ta manyanta an fi samu, a shekara 35 kusan ɗaya cikin 350, a shekara 40 kusan ɗaya cikin 100, shi ya sa sau tari za ki ga auta ne, amma 'yar shekara 19 ma tana haifa a cikin fari. Gwajin sikila da ake yi kafin aure ba ya nuna wannan, kar wani ya zo ya ce miki da an yi gwaji da ba haka ba.

Kuma ba ta warkewa. Na san da ɗaci amma gara ki ji tun yanzu kafin ki sayar da akuyarki ki kai wa mai magani na ranar kasuwa da ke ihu a lasifika. Addu'a kam ki yi ta yi, a yi masa tofi, babu mai hana ki, amma jiƙe-jiƙe da hayaƙi da ɗura wa jariri abin da ba ki san mene ne ba, a'a. Abin da ake magani shi ne cututtukan da ke zuwa tare da larurar, kuma su ne ke kashe yaran.

Na farko zuciya. Kusan rabin yaran nan da matsalar zuciya ake haifarsu, galibi huji ne a bangon da ya raba ɗakunan zuciyar, kuma wani a watannin farko ba za ki ga komai ba. Saboda haka da zarar an ce miki ana zaton Down ce, ko ke da kanki kin ga alamun (ido ya ɗan ja sama ta gefe, karan hanci a kwance, jiki a sake, harshe na leƙowa, wani har da layi ɗaya da ya ratsa tafin hannu) to ki nemi a yi masa hoton zuciya, wanda ake kira eko, tun yana cikin zanen goyo. Ki karɓi takardar turawa daga babban asibitin ƙaramar hukumarku, 'yan Kano akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, 'yan Jigawa ku fara da asibitin tarayya na FMC Birnin Kudu ko asibitin Rasheed Shekoni a Dutse su faɗa muku inda za a yi hoton. Wani hujin yana rufewa da kansa, wani magani ake sha, wani sai aiki kuma aikin an fi son a yi shi da wuri kafin huhu ya taɓu. In kuwa kin ga yana haki, yana jiƙewa da gumi in yana shan nono, ya ja biyu uku ya saki don gajiya, leɓe na yin duhu, ko ana ta awo nauyinsa ba ya motsi, wannan ba na jiran ranar kasuwa ba ne a samu mota. Haka in jariri yana amai kore ko ya kwana biyu da haihuwa bai yi baƙin kashin nan ba, hanji ne zai iya toshewa, a tafi asibiti a ranar.

Shan nono shi ne inda iyaye mata suka fi karaya. Yaron barci gare shi, ba ya kuka ya nema, sai ki ji ana yabonsa wai ai ba shi da rigima, alhali yunwa na cinsa. Ke za ki tashe shi, duk awa biyu zuwa uku, ki kwance masa zani ki shafa tafin ƙafarsa ya farka sosai. Ki ɗan ɗaga shi ya zama kansa ya fi jikinsa tudu, hannu ɗaya na tallafe da ƙeya da kafaɗu, ɗaya hannun ki tallafo nonon ta ƙasa da yatsu uku, babban yatsa a kumatu ɗaya manuni a ɗaya kumatun, haɓarsa ta zauna a tsakiya, ki ɗan matsa kumatun a hankali, za ki ga kamun ya yi ƙarfi nonon ya daina zuba ta gefen baki. Ki riƙa tsayawa yana gyatsa. In ya gaji bai ƙoshi ba ki tatsa a kofi mai tsabta ki ba shi da cokali kaɗan-kaɗan. Nono zalla har wata shida, ba ruwa. Bayan nan kunu mai ɗan kauri da gyaɗa ko waken suya, ƙwai, dakakken busasshen kifi, a zaune ba a kwance ba, kuma don Allah ban da ɗura ta toshe hanci, yaran nan suna saurin ƙwarewa abinci ya bi ta huhu. In ya girma kuma sai labari ya juya, ƙiba ce za ki yi ta fama da ita, da taurin bayan gida, sai ki yawaita masa zogale, miyar kuka, gwanda, ruwa, ki rage lemon kwalba da alawa da kowa ke miƙa masa don tausayi.

Maganar wanzami kuma. Kar a cire masa beli, kar a yanka ƙarƙashin harshe wai linzami ne ya hana shi magana. Harshen na fitowa ne don bakin ƙarami ne kuma naman a sake yake, yana gyaruwa da girma da tauna. Sannan wuyansu, wasu daga cikinsu ƙasusuwan saman wuya ba su da ƙarfin riƙo, to wankan nan da ungozoma ke cilla jariri sama ko ta riƙe shi ta ka ta girgiza, a bar shi. In ya tasa ban da alkafura, ban da ɗora masa jarkar ruwa ko dami a ka. Yaron da yake tafiya lafiya sai tafiyar ta canza, ko ya karkace wuya yana kukan ciwo, ko ya fara sakin fitsari bayan ya daina, a kai shi asibiti.

Rigakafi duka ki yi masa irin na kowa, ranar haihuwa, sati 6, sati 10, sati 14, wata 9 da sauran da za a rubuta miki a kati. Nimoniya tana saurin kama su, da hunturu ki rufe masa ƙirji, ki raba shi da hayaƙin murhu da turaren wuta a rufaffen ɗaki, gidan sauro kullum, maganin kariyar zazzaɓi da ake bi gida-gida da damina kar ki bari ya wuce shi. Akwai kuma gwajin jini na tayirod, wato ƙwayar nan ta maƙoshi da in ta kumbura take zama maƙoƙo, tana yawan yin rauni a jikinsu sai yaro ya ƙara sanyin jiki da barci da jinkiri a ɗauka duk larurar ce, alhali ƙaramar ƙwayar magani ce ake sha kullum ya warware. A gwada a shekarar farko sannan duk shekara. Kunne da ido ma haka, fiye da rabinsu suna da matsalar ji, sau da yawa ruwa ne ke taruwa a bayan dodon kunne, kuma yaron da ba ya ji sosai ina zai koyi magana? Da yawa da ake cewa taurin kai gare su ba sa jin kiran ne.

To yanzu rainon kansa. Zai zauna, zai yi rarrafe, zai yi tafiya insha Allah, sai dai a makare, yawanci tafiya wajen shekara biyu, wani har uku ko huɗu. Gero da maiwa ai damina ɗaya ake shuka su amma ba rana ɗaya ake girbe su ba, babu manomin da ke tuge maiwa don gero ya riga ta nuna. Abin da zai taimaka shi ne kar ya wuni a goye. Goyo da daɗi kuma yana ba ki damar aiki, amma a bayanki ba ya motsa komai, in za ki goya ma ki ja zanen har ya tallafi kansa. Ki shimfiɗa tabarma a inuwa ki kifa shi a kan cikinsa idonsa biyu kina kusa, ki ajiye gwangwani da 'yan tsakuwa a ciki an rufe bakin da kyau, ki kaɗa a gabansa ya ɗago kai, gobe ki matsar da shi nesa kaɗan ya miƙa hannu. In wuya ya tsaya ki zaunar da shi a baho da tsummokara a kewaye. In ya fara son tsayuwa ki ɗora abin da yake so a kan benci ya kama ya miƙe. In kin je babban asibiti ki tambayi sashen gashin ƙashi su nuna miki motsa jikin da za ki riƙa yi masa a gida, ba sai kin yi ta zarya ba.

Magana ita ta fi jinkiri, kuma a nan ne mutane ke yanke masa hukunci. Ki sani abin da yake fahimta ya fi abin da yake iya faɗa yawa nesa ba kusa ba, kuma da ido ya fi koyo a kan kunne. Ki durƙusa fuskarki ta yi daidai da tasa, gajeren zance, ki nuna abin ki faɗi sunansa: ruwa, ga kofi a hannunki. Ki haɗa da alamar hannu, hannu zuwa baki abinci, tafi biyu a haɗe ƙari, kar ki ji tsoro wai zai zama bebe, alamar tana jawo maganar ne kuma tana rage masa fushi da birgima don ya samu hanyar faɗin abin da yake so. Ki ɗago kunu da fura ki ce wanne, sai ki yi shiru ki jira, ki ƙirga goma a ranki. Wannan jiran shi ne yayyensa ba sa iyawa, kafin ya buɗe baki Yaya ta amsa masa, to ki hana. Waƙoƙin gaɗa da tafi da 'yan gajerun surori duk suna buɗe baki. Waya kuwa da za a miƙa masa ya wuni yana kallo don a huta, ba ta koya masa komai.

Duk abin da za ki koya masa ki gutsuttsura shi. Saka riga misali, ke ki saka masa kai da hannuwa, shi ya ja ta ƙasa, ki yi masa tafi, in ya iya wannan sai ki bar masa hannu ɗaya, a haka har ya iya duka. Alwala ki tsaya gefensa da taki butar yana kallo yana yi, wanke hannu kawai na sati guda ma ya isa. Cin tuwo da hannunsa ko zai ɓata jiki, ki bar shi ya ɓata. Kuma ki yi masa tarbiyya, wannan ina jaddadawa don na ga gidajen da ake cewa a ƙyale shi ai ba shi da hankali, ya mari baƙo a yi dariya, ya ƙwace abin yara a ce a bar masa, sai ya kai shekara 15 da ƙarfinsa babu mai son zama da shi. A'a tana nan a'a, gaisuwa dole, sallama dole. Duka dai ba ya aiki a kansu sai ƙara tsoro da ƙin motsi.

Maigida, kai kuma ga naka. Ran suna a yanka rago a yi taro irin na sauran 'ya'yanka, yadda ka karɓe shi haka gari zai karɓe shi. In Inna ko Gwaggo ta fara cewa irin wannan ba a danginmu ba, kai za ka ce Inna likita ya yi mana bayani, ba daga kowa ba ne, jikanki ne ki sa masa albarka, in matarka ce ta faɗa za a ce rashin kunya ne. A gidan da ke da kishiyoyi ka kafa doka tun farko, da sunansa za a kira shi, duk yaron da ya ce masa dolo ko gaula da kai zai haɗu. Ka riƙe hannunsa zuwa masallaci ya tsaya sahu kusa da kai, su gwanaye ne wajen kwaikwayo, za ka sha mamakin yadda zai iya ruku'u da sujada. Ka ɗora shi a babur zuwa gona da kasuwa. Kayan sallah tela ɗaya yadi ɗaya da 'yan uwansa. Ke ma uwa ki tafi da shi biki da suna da barka, kallon da za a yi miki na farko ne mai zafi, in sun saba ganinsa sai ki ji ana tambaya ina wane yau.

Makaranta kuma ya je, ta allo ko Islamiyya da ta boko duka. Dokar UBE ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole ga kowane yaro, sannan akwai dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018 da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, don haka babu hedimastan da ke da hurumin ce miki ba ma ɗaukar irinsu. Amma mu faɗi gaskiya a ƙauye ba takardar doka ce za ta zaunar da shi a aji ba, fahimtar malami ce. Uban ya je da kansa ya ce Allah gafarta Malam ga ɗanka na kawo, yana koyo amma a hankali, a zaunar da shi gaba don ji da gani, a ba shi kaɗan, in sauran sun yi aya biyar shi ɗaya ta isa, kuma don Allah kar a sa masa bulala a kan hadda. Ki samo masa yaro ɗaya mai hankali a maƙwabta su riƙa tafiya tare suna dawowa tare. Ko ya maimaita aji ba komai, da yawansu suna iya karatu da rubuta sunansu da ƙirga kuɗi, ga kuma abin da ba a rubutawa a allo, bin layi, jiran lokaci, yin aboki. Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne a tura shi almajirci wani gari, yaron da ba zai iya faɗin abin da aka yi masa ba, ga ƙirji mai rauni, ina shi ina kwanan zaure da bara?

Tsokanar yara tana da sauƙi, ki kira su tsakar gida ki ba su ƙwallo ki ce a sa shi a wasan, yawanci shi kenan. Ta manya ce ta fi ciwo, 'yan majalisa da za su kira shi su ce yi mana rawa, a yi ta dariya a ba shi naira hamsin, wani har ya ɗauka a waya ya sa a TikTok. Shi yana murna don yana son mutane, amma maida shi abin nishaɗi ne, uban ya je ya yi magana cikin mutunci, in abin ya ƙi a sa mai unguwa ko liman a ciki. Liman in ya taɓo hakkin irin yaran nan a huɗuba sau ɗaya ya fi ki yi faɗa sau ɗari, kuna ma iya roƙonsa ya yi a Juma'ar da ta fi kusa da 21 ga Maris, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa masu Down tun 2012.

In mace ce ki ƙara sa ido. Suna da saurin yarda da kowa, duk wanda ya yi musu murmushi aboki ne, don haka ban da talla, ban da aike ita kaɗai zuwa shagon da babu mutane ko gidan gwauraye. Tun tana ƙarama ki koya mata wuraren da babu mai taɓawa, ta ce a'a da ƙarfi ta zo ta faɗa miki, kuma in ta faɗa ki yarda da ita. Za ta yi al'ada a shekarun da sa'o'inta ke yi, ki fara nuna mata yadda ake ƙunzugu tun kafin ta zo. Namijin ma ba a barinsa sakaka, ana lalata maza.

Sai ki yi tunanin girmansa, don yaran nan yanzu suna daɗewa, a Amurka a farkon shekarun 1980 matsakaicin rayuwarsu wajen shekara 25 ne, yanzu ya kai wajen 60 saboda aikin zuciya da kulawa. To me zai riƙa yi in ya tashi da safe? Tun yana shekara bakwai takwas ki ba shi aikin da yake nasa, ba wa awaki dusa da ruwa, tsintar ƙwai, ɓarar gyaɗa, shara, jera kaya a shagon kawunsa, suna son aikin da ake maimaitawa kullum a lokaci ɗaya kuma ba sa ha'inci. A ba shi tunkiya tasa ta kansa, in an sayar a nuna masa kuɗin a saya masa abin da ya zaɓa. Kar a zaunar da shi bakin titi ko ƙofar masallaci da kwano.

Ku yi masa takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da lambar NIN, sau da yawa in tallafin gwamnati ya fito ana neman su. Gadonsa cikakke ne a shari'a irin na kowane ɗa, sai dai a samu amintacce ya riƙe masa, to ku zaɓi mutumin tun kuna raye, a gaban shaidu, a rubuta gonar da dabbobin da suke nasa. Wanda kuke ganin zai riƙe shi bayanku, yayansa ne ko ƙanwarsa, ku zauna da shi da matarsa ko mijinta a yi maganar a fili, kuma ya fara zuwa yana kwana biyu uku a gidan tun yanzu, da katin asibitinsa da sunan magungunan da yake sha a rubuce a hannunsu.